Gwanjon eBay: kuɗinka zai iya dawowa, amma wa ke hukunta macuci?

Wanda yake neman kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, ko waya, ko kayan gyaran mota da suka yi wuya a kasuwa, ko ba daɗe ko ba jima wani zai ce masa ya leƙa eBay. Shafin ya tsufa a harkar. Pierre Omidyar ne ya buɗe shi a 1995 a jihar Kalifoniya ta Amurka da sunan AuctionWeb, sai a 1997 aka koma kiransa eBay. Yau mafi yawan kayan da ke kansa farashinsu a yanke yake, ka biya ka ɗauka. Amma ɓangaren gwanjo yana nan da ransa, can araha take, can kuma aka fi cin mutane. Shi za mu auna, ta fuska guda: idan aka cuce ka, me shafin zai yi maka, kuma wa zai ɗauki alhaki?

Wajen mayar da kuɗi eBay ya yi ƙoƙari ƙwarai, muddin ka yi cinikinka kaf a cikin shafin kuma ba ka bari wa'adi ya wuce ka ba. Wajen kama macuci da hana shi dawowa kuwa, da sauran rina a kaba. Masu saye da yawa suna ɗauka wanda ya iya na farko ya iya na biyu, kuma wannan zaton ne yake sa su sakin jiki.

Mai kaya yana sa gwanjo na kwana 1, 3, 5, 7 ko 10, tare da farashin farawa. Ba zama za ka yi kana ƙara tayi kowane minti ba. Iyakar abin da za ka iya biya kake rubutawa, na'ura ta ɓoye shi, ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan daidai abin da zai riƙe ka a sama. Ƙarin yana da ƙa'ida: daga dala 25 zuwa 99.99 dala 1 ake ɗorawa, daga 100 zuwa 249.99 dala 2.50, daga 250 zuwa 499.99 dala 5, daga 500 zuwa 999.99 dala 10. A ce ka rubuta dala 300 a kan kwamfuta, na bayanka ya tsaya a 200. In lokaci ya cika a haka, dala 202.50 za ka biya. Kuma galibi lokacin rufewa ba ya motsi; ko saura daƙiƙa uku wani ya shigo ya zarce ka, kaya ya zama nasa.

Tsari ne mai adalci idan kowa da gaske yake. Amma ratar nan da ke tsakanin 202.50 da 300 ita mai zuga farashi yake hari. Wanda ya saba da kara ya san mutumin nan da yake tsayawa gefen dillali yana taya sa, alhali ko kuɗin akuya babu a aljihunsa, don dai baƙo ya ƙara. Malamai suna kiran wannan najash, kuma hani a kansa ya tabbata a hadisi. A eBay mai kayan ne da kansa yake buɗe asusu na biyu, ko ya sa ɗan uwansa ko yaron shagonsa. Wasu a hankali suke bi: 210, 220, 230, kowane tayi na'ura ta mayar da kai sama, su kuma suna lalube har su ji sun kusa iyakarka. Wasu kuma gajeriyar hanya suke bi. Su rubuta 400 gaba ɗaya, farashi ya tsaya a 305, nan take sun gane iyakarka 300 ce. Sai su janye tayin da cewa kuskuren rubutu ne, su dawo da wani asusun su sa 295. Ka ci gwanjo a dala 300 cif, kana murna, alhali an zare maka dala 97.50 ba tare da ka ga hannun kowa ba.

Dokar shafin ta haramta wannan, ta kuma ɗaure janye tayi: in saura ƙasa da awa 12 a rufe, ba za ka iya janyewa ba sai cikin awa ɗaya da yin tayin. Hakan ya rage ɓarna, bai kashe ta ba. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya buɗe tarihin tayi ya karanta da idon basira. Mai tayin da ba shi da shaida ko ɗaya, wato makin yabo ko suka da abokan ciniki ke barin wa juna bayan ciniki, ko yake da biyu ko uku, wanda kusan duk tayinsa a wajen mutum ɗaya yake, wanda yake ƙarawa da zarar ka hau, sannan ya ɓace daf da rufewa, abin zargi ne. Haka kayan da aka ce an sayar, bayan kwana biyu ka sake ganinsa da hotuna iri ɗaya a hannun mutum ɗaya. Mai yiwuwa ɗan zugar ne ya yi zarɓaɓi ya ci kayan ubangidansa.

A nan ne shafin ya fi ba mu takaici. Tun wajen 2007 zuwa 2008 eBay ya ɓoye sunayen masu tayi, sai dai ka ga harafi da taurari. Dalilinsa mai ƙarfi ne, domin 'yan damfara suna bin sunayen waɗanda suka faɗi gwanjo suna tura musu saƙon ƙarya. Amma da aka rufe wannan ƙofa, an kuma rufe idon masu saye da a da suke tona asirin masu zuga da kansu. Yanzu kamfanin kaɗai ke ganin komai. In ka kai ƙara ba zai gaya maka abin da ya gano ko matakin da ya ɗauka ba. Lamunin mayar da kuɗi kuma bai shafi wannan cuta ba, tunda kayan ya zo kuma yadda aka siffanta shi yake. A sani kuma la'adar eBay daga farashin ƙarshe ake cire ta, kashi 13 da ɗoriya cikin ɗari a yawancin kaya. Ba mu ce kamfanin yana son zuga ba, asusu da yawa yana rufewa a kanta. Sai dai wanda zuga ba ta rage masa komai bai kamata a ce shi kaɗai ne mai bincike, shi ne alƙali, kuma ba ya bayyana hukunci ba.

Shari'ar da ta fi fito da wannan fili ta faru ne a 2000. Wani lauya a Sacramento, Kenneth Walton, ya sa zanen fenti a gwanjo da farashin farawa na santi 25. Ya rubuta labari kamar na mutumin da bai san darajar abin da ke hannunsa ba: wai a gwanjon tarkacen gida ya tsince shi a Berkeley, har ɗansa ya huda shi da keken wasa. A kusurwar zanen akwai alamar RD52, wadda ta sa masana suka zaci aikin shahararren mai zane Richard Diebenkorn ne. Walton bai taɓa cewa nasa ne ba, ya bar kwaɗayi ya yi aikinsa, shi da abokansa Kenneth Fetterman da Scott Beach kuma suna ta tura farashi da asusai iri-iri. Aka rufe a dala 135,805, wani ɗan ƙasar Holan ya ci. Sai da jaridu suka tono maganar sannan aka soke cinikin, a 2001 gwamnatin tarayya ta gurfanar da su ukun. Walton da Beach suka amsa laifi, Fetterman ya gudu, daga baya aka kama shi aka ɗaure. A Ingila kuwa sai a 2010 aka fara hukunta mutum a kan zuga farashi a eBay, wani mai motocin haya, aka ci shi tara aka haɗa masa da awa 250 na aikin gayya. Irin waɗannan shari'o'i ƙalilan ne, kuma dala 97.50 ɗinka ba za ta tayar da ɗan sanda daga kujera ba.

Maganin yana hannunka. Kafin komai, tace bincikenka ya nuna kayan da aka riga aka sayar, ka ga nawa irinsa ya tafi a makonnin baya. Farashin da masu kaya ke nema ba shi ne farashin kasuwa ba. Ka yanke iyakarka, ka haɗa da kuɗin aikawa da haraji da na kwastan. Sannan ka yi tayi sau ɗaya tak, a daƙiƙu goman ƙarshe. Shafin bai hana ba, kuma mai zuga ba ya samun lokacin lalube. Ka sa lamba mai ɗan wutsiya, kamar 301.57, domin yawancin mutane a kan cikakkiyar lamba suke tsayawa.

Shaidar da masu saye ke barin wa mai kaya, wadda aka fara tun 1996, tana da amfani amma ana yi mata kallon da ya wuce ƙarfinta. Kason da kake gani, kamar 99.6 cikin ɗari, na watanni 12 da suka wuce ne kawai. Kuma tun 2008 mai kaya ba ya iya ba mai saye mummunar shaida, don haka wanda duk makinsa daga saye ya tara su, kashi ɗari bisa ɗarinsa ba ya nufin komai. Ka shiga ɓangaren shaidar da ya samu a matsayin mai sayarwa, ka duba me ya sayar. Mutumin da ya tara shaida 300 da sayar da maɓallai da sitika na dala ɗaya, yau kuma ya wayi gari da iPhone goma sha biyu, ka yi nesa da shi. Haka tsohon asusun da ya yi shekara biyu shiru sannan ya farka da kaya masu tsada da gwanjon kwana ɗaya. Sau da yawa sato shi aka yi. Kutsen da aka yi wa eBay a 2014 ya taɓa bayanan masu asusu kusan miliyan 145, kuma har yau satar kalmar sirri ta saƙon bogi ba ta tsaya ba.

Babbar asara ba a cikin shafin ake yin ta ba, a bakin ƙofarsa ake yi. Duk damfarar da ta kai dubban daloli za ka tarar tana da mataki guda: a fitar da kai waje. Akwai tayin dama ta biyu, wanda halal ne a tsarin eBay. Idan wanda ya ci bai biya ba, mai kaya yana iya miƙa wa na biye, har zuwa kwana 60 bayan rufewa. Na gaskiya a akwatin saƙonka na cikin shafin yake bayyana, kuma a nan ake biya. Na ƙarya ta imel ko WhatsApp yake zuwa, da tambarin kamfani da komai, ya ce ka tura ta Western Union, ko katin kyauta, ko kuɗin kirifto, ko ta PayPal, shafin biyan kuɗi ta intanet, amma ta hanyar tura wa 'yan uwa da abokai, wadda ba ta da kariya ko kaɗan.

A harkar motoci abin ya zama sana'a ta gungu. A 2019 hukumomin Amurka suka bayyana tuhumar mutum 20 a wata kotun tarayya a jihar Kentucky, yawancinsu 'yan Romaniya, gungun da cibiyarsa take garin Alexandria na ƙasar. Suna tallata motocin da babu su a eBay da wani shafin talla mai suna Craigslist, mai magana ya ce shi soja ne za a tura shi aiki, dole ya sayar da gaggawa. Su aiko da rasit mai tambarin eBay Motors, ɓangaren motoci na shafin, har da lambar waya da wani nasu zai ɗauka a matsayin ma'aikacin kamfani. Kuɗin kuma a juya shi zuwa bitcoin ya tsallaka teku. Mai wata cibiyar canjin kirifto a Bulgeriya, Rossen Iossifov, ya samu ɗaurin shekara 10 a 2021 saboda wanke musu kuɗi, kuma waɗanda aka cuta sun kai 900. Wani gungun na Romaniya da ake kira Bayrob ya fi haka wayo: ƙwayar cuta suke sa wa kwamfutar mutum ta cikin hoton mota, sai ta riƙa nuna masa shafin eBay na jabu da kamfanin riƙon amana na jabu. Shugabanninsa biyu sun samu ɗaurin shekara 20 da 18 a ƙarshen 2019. A duk waɗannan eBay bai biya kowa ba, kuma ba za a ce ya saɓa alkawari ba, domin kuɗin bai bi ta hannunsa ba. Ƙa'idar ba ta da togiya: eBay ba ya riƙe mota a sito, ba ya karɓar katin wani kamfani a madadin kuɗi, ba ya kuma aiko da lambar asusun banki ta imel.

Wanda ya tsaya a ciki kuwa yana da lamunin mayar da kuɗi, kuma shi ne mafi kyawun abin da shafin ya mallaka. Ƙara iri biyu ce: kaya bai zo ba, ko ya zo amma ba yadda aka siffanta shi ba. Kana da kwana 30 daga ranar da aka kawo, ko daga ranar ƙarshe da aka ƙiyasta zai iso. Daga jerin sayayyarka za ka buɗe ƙarar, a ba mai kaya kwanakin aiki 3. In ya yi shiru ko kun kasa daidaitawa, sai ka danna neman eBay ya shiga tsakani, kuma galibi cikin kwana biyu ake yanke hukunci. Idan kayan ya saɓa wa siffa, mai kaya ne zai biya kuɗin mayarwa, ko da ya rubuta cewa ba ya karɓar kaya in ya fita. In hukunci bai yi maka ba, kana da kwana 30 na ɗaukaka ƙara. Motoci, filaye da gidaje, da ayyukan hidima ba sa cikin wannan lamuni.

Inda mutane suke faɗuwa sananne ne. Mai kaya ya yi ta lallashi, yau ya ce jirgi ne ya makara, gobe ya ce ya aiko da wani, har kwana 30 su cika. Ko ya ce ka rufe ƙarar tukuna sai ya tura kuɗin. Ƙarar da ka rufe da hannunka ba ta sake buɗuwa. Ko ka buɗe ƙara ka manta ba ka nemi a shiga tsakani ba, ta mutu da kanta. Akwai kuma kuskuren zaɓen dalili: in kwali ya zo babu komai ciki, ko da bulo a ciki, kada ka ce kaya bai zo ba, domin lambar bin sawu, wadda kamfanin dako ke bayarwa don a ga inda ƙunshi ya kai, za ta nuna an kawo, ka faɗi nan take. Ka ce ya saɓa wa siffa.

Wannan lambar bin sawu ita ce raunin tsarin, domin na'urar da ke duba ƙara ta yarda da ita fiye da bakinka. Macuta sun gane haka. Sai mutum ya ɗauki ambulan mara komai ya aika wani shago ko gida da ke unguwa ɗaya da adireshinka, lambar yanki ɗaya. Bin sawu ya nuna an kai kaya garin da ranar da ta dace, a rufe ƙara a ba shi gaskiya. Hanyar fita ita ce ka tuntuɓi kamfanin da ya yi dakon, ka nemi takarda ko imel da ke tabbatar da cewa adireshin da ke kan ƙunshin ba naka ba ne. Ka nemi nauyin ƙunshin ma. Kwamfuta mai kilo biyu ba ta shiga ambulan mai giram 50. Da wannan takarda ɗaukaka ƙara takan yi nasara, amma sai ka dage har ka samu mutum ya karanta. Ya kamata a ce tuntuni eBay ya riƙa gwada cikakken adireshi da nauyi da kansa, maimakon ya ɗora wa wanda aka cuta wahalar bincike.

In eBay ya ƙi, da sauran ƙofa biyu. Wanda ya biya ta PayPal yana da kwana 180 na ƙarar kayan da bai zo ba. Wanda ya biya da kati yana iya neman bankinsa ya janyo kuɗin, galibi cikin kwana 120. Amma a bi su ɗaya bayan ɗaya: da zarar ka kai ƙara banki, eBay zai rufe tasa.

Ga mai saye daga Kano ko Kaduna ko Yamai akwai wata magana da ta fi duk waɗannan nauyi. Masu kaya da yawa a Amurka da Turai ba sa aikowa Afirka ta Yamma, don haka mutane suna amfani da adireshin kamfanonin jigila. Kaya ya sauka a sitonsu, su haɗa su auno. Da yawa suna zaɓar sito a jihar Delaware ko Oregon saboda babu harajin sayayya a can, kuma dabara ce mai kyau. Sai dai a idon eBay, ranar da kaya ya shiga wannan sito an kawo maka shi, kwana 30 sun fara ƙirguwa. Dokarsa kuma ta fito fili cewa kayan da aka sake turawa ta hannun wani kamfanin jigila ya fita daga lamuni. Wato in ka buɗe kwali a gida ka tarar da waya a kulle ko fuska a fashe, ba ka da wurin kai kuka. Saboda haka duk binciken a can za a yi shi. Ka biya 'yan dalolin da sito ke karɓa su buɗe, su ɗauki hoto ta kowane gefe, su kunna. In waya ce, a danna *#06# a ga lambar IMEI, wato lambar da ta bambanta kowace waya da saura, a gwada ta da wadda ke cikin talla, a duba ko an sa ta a jerin wayoyin sata ko na bashi. A tabbatar babu asusun iCloud ko na Google na tsohon mai ita, kuma ba a ɗaure take da layin wani kamfani ba. In kwamfuta ce, a shiga BIOS, wato saitin da ake shiga tun farkon kunna ta, a ga ko akwai kalmar sirri, a duba ko tana ƙarƙashin kulawar wata makaranta ko ma'aikata, domin irin waɗannan da zarar sun hau intanet sai su kulle kansu. Komai ya saɓa, a mayar tun kaya bai hau jirgi ba. Sito da ya ce ba ya wannan hidima, a nemi wani. Wanda kuma ya ba wani ɗan tsakiya kuɗi ya saya masa da asusunsa, ya sani cewa duk kariyar ta mai asusun ce, shi amanar ɗan tsakiya kawai yake riƙe da ita.

Tambayar wa ke da alhaki ta sha zuwa gaban alƙalai, kuma amsar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Matsayin eBay tun farko shi ne shi fili ne kawai, ciniki tsakanin mutum biyu ne. A Amurka doka ta mara masa baya. Sashe na 230 na wata dokar sadarwa ta 1996 ya kare shafuka daga alhakin abin da wasu suka rubuta a kansu, kuma da shi wata kotun Kalifoniya ta wanke eBay a 2002 a ƙarar mutanen da suka sayi kayan tarihin wasanni masu sa hannun jabu. Kamfanin kayan ado na Tiffany ya shigar da ƙara a 2004 bayan ya sayi kayan da ke ɗauke da sunansa a shafin ya tarar kusan kashi 73 cikin ɗari jabu ne. Ya faɗi a 2008, ya sake faɗuwa a kotun ɗaukaka ƙara a 2010. Hujjar alƙalai ita ce sanin cewa akwai jabu a kasuwa bai isa ba, sai an nuna wa eBay takamaiman talla ya ƙi cirewa. A Faransa kuwa kotun kasuwanci ta Paris ta ci shi tarar kusan yuro miliyan 39 a 2008 a ƙarar LVMH, masu Louis Vuitton da Dior, kodayake an rage ta zuwa miliyan 5.7 a 2010. A 2011 kotun Tarayyar Turai, a ƙarar kamfanin kayan kwalliya na L'Oréal, ta ce shafin da yake taimaka wa mai kaya wajen tallata hajarsa ba zai fake da cewa shi ɗan kallo ne ba.

A ganinmu kotunan nahiyar Turai sun fi kusa da gaskiya. Wanda ya tsara kasuwa, ya karɓi kuɗi a hannunsa, ya cire la'ada, ya kuma karɓi kuɗin talla don ya ɗaga wani kaya sama, ya wuce a kira shi fili. Kuma gyare-gyaren da aka gani sun fi zuwa bayan matsin lamba. Tun 27 ga Yuni 2023 dokar INFORM ta Amurka ta wajabta wa irin waɗannan shafuka tantance asusun banki, lambar haraji da adireshin duk mai kayan da ya yi ciniki 200 da kuɗinsu ya kai dala 5,000 cikin shekara, wanda ya kai dala 20,000 kuma a bayyana wa masu saye ko shi wane ne. Ci gaba ne, amma macucin da zai sayar da waya biyar na ƙarya ya watsar da asusu bai kai wannan ma'auni ba. A 2020 kuma eBay ya fara tantance kaya da kansa: agogo masu tsada da takalman wasanni, daga baya jakunkuna da kayan ado, su fara biyawa ta hannun ƙwararru kafin su iso ga mai saye. Inda wannan hidima ta kai, jabu ya ragu sosai, kuma mun yaba. Waya da kwamfuta da kayan gyaran mota, waɗanda mutanenmu suka fi saye, ba ta kai gare su ba.

Mai sayarwa ma yana shan tasa, don lamunin ya fi karkata ga mai saye. Akwai mai karɓar waya lafiyayya ya ce ta lalace, ya mayar da matacciya irinta. Kariya ita ce a rubuta lambar jikin kaya a cikin talla, a ɗauki hoton naɗewa, a aika adireshin da ke kan oda kawai, kayan da ya kai dala 750 kuma a sa sai an sa hannu kafin a miƙa. Kada a saki kaya don imel ya ce an biya. A shiga asusu a gani da ido.

Kowane ɓangare kake, ka adana hujja tun ranar farko, domin talla takan ɓace da zarar an rufe asusun mai ita. Ka ɗauki hoton tallar gaba ɗaya da lambarta, da tarihin tayi, da duk saƙonnin da kuka yi, kuma kada ka yarda hira ta koma wajen shafin. Ranar buɗe kwali a ɗauki bidiyo tun daga takardar adireshi, ba tare da yankewa ba. In macucin a Amurka yake, bayan ƙarar eBay ka shigar da rahoto a cibiyar IC3 ta hukumar FBI, wadda ke karɓar ƙorafi daga kowace ƙasa; da wuya su bi kuɗin mutum ɗaya, amma daga tarin irin waɗannan rahotanni ake haɗa shari'ar gungu. In kuwa ɗan tsakiya ne na gida ya cinye kuɗin, wannan magana ce ta 'yan sanda ko EFCC, kuma abin da za su fara tambaya shi ne rasit ɗin tura kuɗi da rubutacciyar yarjejeniyar abin da aka ce za a sayo.